Man giyar babur ya koma kamar shayi da madara: ruwan rafi ne ko na lagireto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babur Yamaha DT125R mai lagireto, na hannu na saye shi bara, da shi nake shiga gona da ƙauyuka. Cikin makon nan sau 2 ina ƙetare rafi da shi, ruwa har ya taɓa inji, amma bai mutu ba. Jiya na zo juye man giya sai ya fito fari-fari kamar shayi da madara. Makaniken unguwarmu ya ce tof gasket ne ya ƙone, sai an sauke kan inji. Haka ne? Kuma zan iya ci gaba da hawa kafin in samu kuɗin gyara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a taɓa kan injin nan tukuna. Kuma tunda ka riga ka juye man, kada ka bar akwatin giya haka wayam yana jiran ranar da kuɗi za su samu. Yau ɗin nan ka zuba masa sabon mai, ko da mai araha ne, ka tayar da shi na 'yan mintuna. Danshin da ya rage a jikin ƙarfe ba mai a kansa ya fi gurɓataccen man da ka fitar ɓarna.

Maganar tof gasket kuwa, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da silinda, na san inda makaniken ya samo ta, kuma ba shirme ya faɗa ba. A mota, da babur mai bugu huɗu wanda ke da lagireto, baƙin mai yana hawa har kan inji ta cikin gasket ɗin, hanyar ruwa ma ta nan ta bi, to in ya ƙone sai su haɗu. Duk wanda ya koyi aiki a kan mota, da ya ga mai ya yi fari abin da zai fara faɗo masa ke nan. Amma naka injin mai bugu biyu ne, irin da muke cewa mai hayaƙi, kuma gininsa daban ne. Cikinsa ɗaki biyu ne da bango a tsakani. Ɗaya na fistin da karanshaf, nan fetur da iska da man 2T, wato man da ke ƙonewa tare da fetur, suke ratsawa. Ɗayan na giya da kuloci, suna kwance cikin nasu man, wanda ka juye jiya. Wannan man ba ya hawa kan inji ko kaɗan. In tof gasket ya ƙone a DT125R, ruwan cikin silinda yake faɗawa ya fita ta salansa, ko kuma iskar silinda ta kutsa cikin lagireto. Za ka ga farin tururi wanda ba shuɗin hayaƙin da ka saba gani ba, ka ciro fulogi ka same shi tas kamar an wanke, ka buɗe murfin lagireto da safe ka tayar da inji ka ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya, ko ruwa ya riƙa ambaliya zuwa ƙaramin tankin gefe. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, kan injinka lafiyarsa ƙalau. Ko da ma akwai su, to matsala ta biyu ce ta daban, ba ita ta farar da man giya ba.

Ina fata ba ka zubar da man jiya ba, domin shi ne babban shaida. Mu fara tabbatar da cewa ruwa ne ma, saboda akwai abu biyu da ke ruɗin mutane. In ka juye mai da zafinsa bayan doguwar tafiya, giya ta kaɗa shi ya cika da ƙananan kumfa, sai ya yi haske kamar an sa masa madara. Wannan in ka bar shi minti 15 zai washe ya koma kalarsa. Sai kuma man da ya yi toka-toka yana ɗan walƙiya in ka karkata shi a rana. Wannan garin alminiyom ne daga kwandon kuloci, ko daga farantansa a baburan da farantan nasu na alminiyom ne. Alama ce ta man ya daɗe ko kuloci na cinyewa, amma ba ruwa ba ne. Man da ruwa ya shiga ba ya walƙiya, ba ya washewa, a dagule yake kamar kunun gyaɗa, in ka shafa a yatsa ba ka ganin fatarka ta cikinsa. In jan man giyar mota mai otomatik aka zuba maka, kamar yadda wasu ke yi, to maimakon shayi da madara sai ka gan shi ruwan hoda.

Gwajin da ya fi sauri shi ne na cokali. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai ƙosai ya san ƙarar da mai ke yi in ɗigon ruwa ya faɗa kasko. Ka samu tsohon cokali ko murfin gwangwani, ka riƙe da filaya a kan wuta har ya yi zafi sosai, amma kada ya kai ga yin ja. A ɗakunan gwajin mai, faranti suke zafafawa zuwa wajen digiri 160 su yi daidai wannan abin. Ka fara ɗiga sabon mai don kunnenka ya san yadda lafiyayye yake: zai bazu, ya yi ɗan hayaƙi, shiru. Ka goge, ka ɗiga wanda ka juye. In da ruwa za ka ji tas-tas-tas, ka ga kumfa na fashewa. Ka sansana man kafin ka kai shi wuta, in yana warin fetur kada ka yi wannan gwajin, kuma ka yi nesa da babur da jarka, ka kau da fuskarka.

Daga nan sai gora. Ka nemi busasshiyar gorar ruwa ta 75cl, ka juye man a ciki. Na zaɓi wannan girman ne da gangan: man giyar da DT125R ke ci in an canza shi 750ml ne, cikin gorar ke nan daidai. In man da ka fitar ya cika ta har ya yi saura, wannan sauran baƙo ne, kuma yawansa na gaya maka girman ɓarakar. Ka rufe, ka ajiye ta tsaye inda rana ke bugawa, kada kowa ya girgiza. Ruwa ya fi mai nauyi, a hankali zai sauka ƙasa. Wani lokaci kwana ɗaya ya isa, wani lokaci sai kwana 3, domin man zamani yana riƙe ruwa da ƙarfi. In ya rabu, ka ɗaga gorar ka dubi gindinta da kyau. Ruwa kore, ko shuɗi, ko ruwan hoda, irin kalar da ke cikin lagiretonka, to daga nan ya fito, magana ta ƙare. Ruwa mai launin ƙasa da ɗan laka ko yashi kwance a can ƙasa, in ka murza a yatsa ka ji gurus-gurus, wannan rafi ne. Inda abin ke wuya shi ne ruwan ya fito garau ba kala ba laka, kuma abin da na fi gani ke nan, saboda yawancinmu ruwan rijiya ko na leda muke ɗura wa lagireto. A nan gora ba za ta raba gardama ba. Kada ka ɗanɗana don ka ji ko da zaƙi, kamar yadda na ga wasu na yi. Sinadarin da ke cikin ruwan lagireto na kanti guba ne mai lalata ƙoda, kuma zaƙin nasa ne ke jan yara da dabbobi, don haka gorar ma ka ajiye ta inda hannu ba ya kaiwa.

To ta ina ruwa ke shiga ɗakin da aka rufe? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma akwai ƙofa ɗaya da masu ƙera injin suka bari a buɗe da gangan, ita kuwa nake fara zargi a naka, tunda abin ya biyo bayan ƙetare rafi. Akwatin giya yana numfashi. In ya yi zafi iskar ciki ta kumbura dole ta samu mafita, in ba haka ba za ta tura mai ta fasa sil, wato zoben robar da ke hana mai yoyo. Shi ya sa aka sa masa siririn tiyo daga samansa, wanda a yawancin babura yake saukowa ta bayan inji ya rataya kusa da ƙasa tare da tiyoyin kafireto. Ka yi tafiyar awa guda, inji ya ɗauki zafi, ka faɗa ruwan rafi mai sanyi. Nan take ƙarfen ya huce, iskar ciki ta tsuke, akwatin ya ja numfashi ciki. In a wannan lokacin bakin tiyon na cikin ruwa, ruwa zai zuƙa, kamar yaro da tsinken shan lemo. Ba ya buƙatar ruwa ya rufe inji, bakin tiyon kawai. Shi ya sa babur zai ƙetare lafiya bai ko yi tari ba, alhali ya sha ruwa ta ƙasa. Ba kuma ruwa mai yawa ake buƙata ba: 'yan cokula kaɗan sun isa su farar da 750ml in giya ta kaɗa su.

Ƙanwar wannan ita ce wankin babur da injin feshi. Bayan an dawo daga taɓo sai a kai shi wajen wankin mota, yaro ya saita bakin ruwan a jikin inji yana kankare laka. Sil ɗin da ke wajen kik, da na sandar canza giya, da na bayan ƙaramin sifoket, da inda hannun kuloci ke shiga inji, duk an yi su ne don su hana mai fita. Ba a yi su don su tare ruwan da aka harbo da ƙarfi daga waje ba. Ka duba murfin da ake zuba mai ma, zoben robar da ke jikinsa yakan tsinke ko ya ɓace ba a lura ba. Akwai kuma raɓa, wato danshin iska da ke taruwa cikin injin da ake tayarwa a kashe bai yi zafi ba, musamman a tsakiyar damina. Ita ɗan farin maiƙo take bari a ƙarƙashin murfi, ba ta mayar da man gaba ɗaya shayi, kuma babur ɗin da ke zirga-zirgar ƙauyuka kamar naka yana ƙone ta da kansa. Ban sa ta a lissafinka ba.

Masu DT125 marar lagireto, da AG100, da Suzuki TF125, irin waɗanda malaman gona da ma'aikatan lafiya ke shiga karkara da su, su bincikensu a nan ya tsaya, don babu wani ruwa a jikin injinsu. Haka masu Boxer, sai dai su mai ɗaya ne ke yi wa inji da giya aiki, ruwan da ya shiga har kan inji yake kaiwa, gaggawarsu ta fi.

Kai kuwa kana da ƙofa ta biyu, kuma ita ce mai cin kuɗi: famfon ruwa. Yana jikin murfin dama na inji, ɓangaren kuloci. Ƙaramar farfela ce a kan sanda. Farfelar na cikin ruwan lagireto tana tura shi, ɗaya ƙarshen sandar kuma na cikin ɗakin giya, inda haƙori ke juya ta. Wato sanda ɗaya, kanta a ruwa, ƙafarta a mai, abin da ya raba su kuwa sil ne na roba wanda bai fi kwabo faɗi ba. Kuma ruwan nan ba a kwance yake ba. Ka dubi murfin lagiretonka za ka ga lamba, a baburan Japan yawanci 0.9 ko 1.1. Matsin da murfin ke riƙewa ke nan don kada ruwa ya tafasa a digiri 100, kuma duk wannan matsin a kan leɓen sil ɗin yake. Ɓangaren mai babu matsi. Saboda haka in sil ya gaji, ruwa ne ke shiga mai, da wuya ka ga mai ya shiga ruwa. Yoyon ya fi ƙarfi in inji ya yi zafi, har da 'yan mintunan bayan ka kashe shi, lokacin da ruwa ya daina zagayawa amma zafi da matsi na nan. Wasu babura an yi musu sil 2 da ɗan rami a tsakani wanda ya ɓullo waje ta ƙarƙashin famfon, don in na ruwa ya mutu ya ɗiga ƙasa mai babur ya gani. Wasu kuma sil ɗaya ne tak, in ya saki kai tsaye cikin giya. Ka leƙa ƙarƙashin famfon, in ka ga rami ka tabbata laka ba ta toshe shi ba, kuma kada ka yarda wani ya liƙe shi da gam wai don ya tsayar da yoyo. Wanda ya yi haka ya juya ruwan ne zuwa cikin mai.

Abin da ya sa ban wanke famfonka daga zargi ba duk da labarin rafi shi ne na hannu ka sayi babur ɗin. Tun 1988 aka fara ƙera DT125R, kuma da yawa daga waɗanda ke iso mana sun yi shekaru a ajiye kafin a loda su jirgi. Roba in ta daɗe ba ta aiki takan bushe ta ƙandare. Mai yiwuwa sil ɗin ya jima yana tsiyaya kaɗan-kaɗan, rafin dai ya sa ka buɗe ka gani. Ka tambayi kanka: yaushe rabonka da juye man nan, kuma yaya ya fito a wancan karon? Cikin watannin nan kana yawan ƙara wa lagireto ruwa? In kana ƙarawa alhali ba ka taɓa ganin ɗigo a ƙasa ko farin busasshen tabo a jikin tiyo ba, to ruwa ba ya tsami banza, wani wuri yake tafiya.

Ga yadda za ka raba su ba tare da ka kwance komai ba, kuma dama aikin da dole ka yi ne ko wace ƙofa ce. Ka sayi man babur mai bugu huɗu, 10W-40, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, kamar lita 3. Kada ka sa man mota irin mai santsin rage shan fetur, yana sa kuloci zamewa. Ka zuba 750ml, ka zaga unguwa minti 10 kana shiga kowace giya kana kama kuloci kana saki, ka dawo ka juye da zafinsa, ka karkata babur ɗin dama da hagu ya tsane. Zai fito da sauran fari, kada hankalinka ya tashi, ragowar na jiya ne da ya maƙale tsakanin farantan kuloci da cikin boris. Ka sake. Na biyu ya kamata ya fi na farko haske, na uku ya kusa komawa kalarsa. Akwai masu wanke ciki da fetur ko kananzir don a yi sauri. Ni ba na yi, kuma ba na ba da shawara: suna wanke maiƙon da ke kare boris, suna taɓa roba, ragowarsu kuma ta tsinka sabon man. Mai ake wanke mai da shi.

Bayan wanki na uku ka zuba sabon mai gwargwado. Washegari da safe, inji da sanyinsa, ka buɗe murfin lagireto, ba ƙaramin tankin gefe kawai ba, ka cika shi har wuya, ka ja layi da biro a jikin ƙaramin tankin daidai inda ruwa ya tsaya. Kada ka taɓa buɗe murfin nan da zafi, na ga hannun da ya saluɓe saboda haka. Sai ka yi kwana 3 kana hawa a busasshiyar hanya, tafiyar da za ta kai minti 30 ko 40 don inji ya yi zafi sosai, ba rafi, ba wanki, ba kwana a ruwan sama. Kowace safiya ka duba wuyan lagireto, ka tsoma tsinke mai tsabta cikin man ka gani. In ruwa na nan inda ka bar shi, man kuma kullum ƙara washewa yake, to rafi ne, ka huta, kuɗin mai kawai ka kashe. In ruwa na sauka man kuma ya sake komawa shayi, famfo ne ko fakin murfin dama na inji, wato gasket ɗinsa, ka tsaya da hawa.

In kana son amsa a rana ɗaya, ka nemi garejin mota da ke da famfon gwajin lagireto, mai geji a jiki. A juye man giya, a bar notin juyewa a buɗe, a sa farin faranti a ƙasa, a ɗaura famfon a wuyan lagireto a buga iska zuwa lambar da ke kan murfinka, kada a wuce ta. A jira minti 15. Allura na sauka, ruwa na ɗigowa ta ramin notin, shi ke nan an kama ɓarawo. Sai dai wani sil ɗin ba ya yoyo sai sanda na juyawa, don haka a cire fulogi a riƙa taka kik a hankali ana kallon allurar.

Idan ta tabbata famfo ne, a nan nake so ka tsaya a kan aikin da kanka, domin a nan ake asarar kuɗi sau biyu. An taɓa kawo mini wani babur irin wannan, mai shi ya canza sil sau 2 cikin wata guda, kowane karo mako ɗaya sai man ya sake fari, har ya fara cewa sil ɗin kasuwa duk jabu ne. Na zare sandar famfon na goge ta da tsumma na miƙa masa, na ce ya ja farcensa a kanta. Daidai inda leɓen sil ke zama farcen ya faɗa wani siririn kwari da ya zagaye sandar kamar zobe, ido ba ya ganinsa sosai sai an juya ta a haske. Robar ce ta ci ƙarfe, da taimakon yashi da tsatsar da ke yawo cikin ruwan rijiyar da yake zubawa. Ko wane irin sabon sil ka ɗora a kan wannan kwarin, ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa. In farcenka ya ji kwari, sanda da sil tare za a canza. Kada a goge ta da sanfefa a ce ta yi, an rage mata kauri ne kawai. A girgiza sandar a mazauninta ma, in tana lilo to mazaunin ya ci, zai kashe sabon sil cikin kwanaki. A duba bayan farfela, jikin murfin kansa, ko ruwa ya ci shi ya yi ƙananan ramuka. Tsofaffin baburan tsere na shekarun 1980 masu murfin maganiziyom, irin su Honda CR, sun yi suna da wannan ciwon, amma alminiyom ma yana ruɓewa in an shekara ana ba shi ruwa tsura.

Wajen aikin, a fara juye ruwan lagireto kafin a kwance murfin dama, in ba haka ba duk abin da ke ciki zai kwarara cikin giya. A lura da fuskar tsohon sil kafin a cire shi, ka ɗauki hotonsa da waya ma. A wasu injinan Yamaha an rubuta WATER SIDE a fuskar da ke kallon farfela, in aka juya ta baya aikin banza aka yi. A shafa wa leɓen ɗan giris, a tura sil ɗin daidai da soket mai faɗinsa, ba a dake shi da sukundireba ba. Fakin murfin sabo za a sa, a kankare tsohon tas, domin a injina da yawa hanyar ruwa ta cikin fakin nan take ratsawa, yagewa kaɗan a wurin tana ba da alama iri ɗaya da mutuwar sil. Gam kuma kada a lafta, abin da ya matso ciki yana yawo ya toshe hanya. Sai abin da aka fi mantawa a irin babur ɗinka: famfon man 2T ma a jikin wannan murfin yake. In an cire tiyoyinsa iska ta shiga, dole a fitar da ita ta ɗan notin da ke jikin famfon har mai ya fito ba kumfa, kafin a tayar da inji. Wanda ya tsallake wannan, ya gyara famfon ruwa ya kashe fistin. Ni nakan zuba ɗan man 2T cikin fetur ɗin tankin farko don kariya. Daga nan ka daina ba lagireto ruwan rijiya. Ka sayi ruwan lagireto na kanti, in mai kauri ne ka haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Ko ba ma fama da ƙanƙara, maganin tsatsar da ke cikinsa muke nema.

Game da ci gaba da hawa: da farin mai a ciki, a'a. Ruwa yana tsinka maiƙon da ke tsakanin haƙoran giya da ƙwayoyin boris, farantan kuloci su jiƙe su riƙa kamawa, giya ta yi tauri, furi ya yi wuyar samu. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ajiyewa. Na buɗe akwatin giyar wani babur da aka jingine damina guda da ruwa a ciki. Ruwan ya kwanta ƙasa, ya ja jan layin tsatsa miƙe a jikin haƙoran daidai inda ya tsaya, farantan kuloci sun manne da na ƙarfe sai da aka ɓamɓare su, boris kuma in ka juya shi da yatsa sai ka ji kamar an zuba masa yashi. Canza waɗannan boris sai an sauke inji an raba shi biyu, kuɗinsa ya ninka na sil sau da yawa. In gwajin kwana 3 ya nuna rafi ne, hau abinka. In famfo ne, ka ajiye shi da sabon mai a ciki, ka juye ruwan lagireto don kada ya ci gaba da tsiyaya, ka rataya takarda a kan makulli don kada wani ya tayar da shi ba ruwa. Kada ka ce za ka riƙa ƙara ruwa kana lallaɓawa. Ruwan da ke jikin injin nan gaba ɗaya wajen lita guda ne, in ya ragu a tsakiyar daji inji zai yi zafi ya kama, a lokacin ne za a sauke kan injin da gaske.

Tunda rafin nan hanyarka ce, ko me gwajin ya nuna ka gyara tiyon numfashin. Ka bi shi da hannu daga saman akwatin giya har ƙarshensa, ka tabbata bai tsage ba, bai toshe ba. Ka canza shi da mai tsawo, ka hau da shi sama ƙarƙashin tanki ko kusa da akwatin filtar iska, ka lanƙwasa bakinsa ya kalli ƙasa, ka ɗaure ba tare da ka matse shi ba. Kada ka toshe shi, in ka toshe mai zai fito ta sil. In ka iso bakin ruwa bayan doguwar tafiya, ka kashe inji ya sha iska minti 5 ko 10, ka taka ka ga zurfin kafin ka shiga. Duk ranar da ruwa ya wuce wurin taka ƙafa, da ka isa gida ka buɗe murfin mai ka tsoma tsinke, ka buɗe akwatin filta ka taɓa soson ka ji ko ya jiƙe.